Rigar da Na Sa Aka Ɗinka wa Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na ɓata wa mutumin kirki suna ba, alhali laifin nawa ne tun daga tushe.

Sana'ata haɗa bidiyon biki a wani ɗan shago a Argungu, jikin injin casar shinkafa. Da aiki ya fara yawa sai na tafi Birnin Kebbi na sayo kwamfutar tebur a wurin Oga Obi, wani ɗan kasuwa Ibo da aka haifa a garin. Hausarsa ta fi tawa zaƙi, kuma tun ina yaron shago nake sayen kaya a hannunsa bai taɓa cuta ta ba.

Na ɗauki son duniya na ɗora wa kwamfutar nan. Da na ga ɓuntun shinkafa yana shigowa ta taga, sai na kai awonta wurin mai ɗinkin kujerun mota. Ya yi mata riga ta baƙar leda mai kauri, da soso a ciki, da zif a baya, ya bar 'yan ƙofofin wayoyi da na maɓallin kunnawa. (Har sunan shagona na sa aka rubuta da zare ruwan gwal, don ku san abin ba na wasa ba ne.)

Zafi na kankama ta fara halinta. Ina tsakiyar haɗa hoton amarya sai fankar ciki ta hau kuka kamar babur a yashi, daga nan ɗif, ta mutu. Na ɗauke ta sai Birnin Kebbi. Amma kafin in fita sai da na cire rigar na ninke na ajiye, don kada ta yi datti a mota.

Oga Obi ya buɗe ta, ya nuna mini furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, ya ce idan ta yi zafi fiye da kima kashe kanta take yi don kada ta ƙone. Ya hure ƙura, ya goge tsohon man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyayawa ya shafa sabo. Ta wuni tana aiki a shagonsa ko tari ba ta yi ba. Na dawo gida na mayar mata da rigarta, washegari ta mutu. Na koma ya sauya fanka, a gabansa ta zama saliha, a Argungu ta sake mutuwa.

"Malam, wagga na'ura lahiya lau take," in ji shi a zuwana na ƙarshe. "Mi kaka yi mata can gida?"

"Ba abin da nika yi mata in ba tattali ba," na ce, raina a ɓace.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A majalisarmu na zauna na yanke hukunci cewa ruɓaɓɓen kaya ya sayar mini, kuma akwai dabarar da yake yi ta tashi a gabansa. Ban tsaya nan ba, har da cewa dama ai halinsu ne. Wannan kalmar ita ta fi ci mini rai yanzu. Wani ɗan uwana da ke shirin sayo wa makarantarsa kwamfutoci a wurinsa ya fasa, magana kuwa ta yi ta tafiya har ta isa kunnen Oga Obi.

Wata Lahadi bayan la'asar sai ga motarsa a ƙofar shagona. Mutanen majalisa suna zaune a benci, har da Alhaji mai injin casar, ni kuwa na gyara tsayuwa don yau za a yi ta ta ƙare. Ya gaisa da kowa, ya ce in kunna ta a yadda nake aiki da ita kullum. Na kunna, fanka ta fara kukanta. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya daɗe bai ɗago ba.

"Wagga riga hwa?"

"Ni nis sa anka ɗunka mata, don ɓuntu," na amsa da alfahari.

"Da ita taka aiki?"

"Awo."

"To in za ka zo Birni, ina kaka barin ta?"

"Gida nika aje ta, kar ta yi dauɗa."

Kafin in rufe baki ni kaina na ji abin da na faɗa. Ya zuge zif ya zare rigar, wani huci ya bugo mu kamar an buɗe tanda. Duk ramukan da iska ke shiga da fita na toshe su da soso. Ba a jima ba kukan fanka ya lafa, kwamfuta ta ci gaba da aiki abinta.

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Kai ma a sa ka cikin wagga riga cikin bazara, a ce ka yi gudu, mu gani in ba ka suma ba!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da Oga Obi ya yi dariyar tare da su da na sami sauƙi, amma bai yi ba. Ya miƙo mini rigar, ya ce a hankali, "Wahalar gyara ba ta dame ni ba, Malam. Amma garin ga anka haihe ni, kuma suna shi na jarina."

Na ba shi haƙuri a gaban kowa, ya ce ya wuce. Na je har gida na warware wa ɗan uwana, sai dai ya riga ya saya a wani wuri. Magana zarar bunu ce, a ranar na san ba don ado ake faɗin haka ba.

Abin da na koya shi ne, ƙazafi a mota yake tafiya, gyaransa kuwa a ƙafa. Har yau a wurin biki wani zai tare ni ya ce, "Ya kunka ƙare da mutumen da yac cuce ka?" Sai in sauke kyamara, in ja shi gefe, in ba shi labarin wautata daga farko har ƙarshe. Ba na jin daɗin bayarwa ko kaɗan, amma tunda da bakina na ɓata, da shi zan yi ta wankewa.