Yadda Nomau Ya Shigo da Rana Ɗaki

A ƙauyen Kwarin Marke, can bayan fadama, akwai wani gida mai ɗakunan jinka biyu da rumbu ɗaya. Mutum uku ne a cikinsa: Nomau, da matarsa Tasalla, da mahaifiyarsa Iya Gwamma. Nomau ƙato ne, buhun gero a kafaɗarsa kamar matashin kai, kuma ba a taɓa jin wanda ya ga fushinsa ba. Cikas ɗinsa guda ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Ranar da Iya ta ce ya kai akuya inda ciyawa ta fi yawa, a saman jinkar ɗaki aka tarar da baiwar Allah tana kuka. Tun daga nan mutanen gidan suke auna magana kafin ta fita daga bakinsu, sai dai ɗan Adam da mantuwa.

Tasalla kuwa tana da abin da ke cin ta a ɓoye. Duk wata in al'adarta ta zo ta wuce, sai ta bar mata ƙaiƙayi da ciwon mara, wani sa'in har da zazzaɓi. Matan Kwarin Marke da tsumman tsohon zane suke yin ƙunzugu. In sun wanke, ba sa shanyawa a waje, sai su cusa a ƙarƙashin gado, domin sun gaji magana daga iyaye cewa in idon mutum ya sauka a kan ƙunzugun mace, maƙiyi na iya ɗaure mata mahaifa da shi. Shekarar Tasalla uku a gidan ko ɓari ba ta taɓa yi ba, shi ya sa ta fi kowa kiyaye wannan doka, ta kuma fi kowa shan wuya.

Wata rana ciwon ya ci ƙarfinta, Nomau ya ɗora ta a keke ya kai ta asibitin garin kasuwa. Malamar asibitin, Asabe, mace ce mai faɗa amma ta san aikinta. Ta duba Tasalla, ta ba ta ƙwayoyi, sannan ta miƙo mata audugar mata guda huɗu irin ta yadi, mai laushi, da maɓalli a gefe, wadda ake wankewa a sake sawa. Ta ce ta yi sallama da tsumma. Ta ce sabuwar a jiƙa ta a ruwan sanyi, a wanke da sabulu, a shanya a rana har ta bushe ƙayau, don danshi shi ne abincin wannan ciwo. Ba ta ɓoye mata ba: in ciwon ya ci gaba da dawowa zai haura mahaifa, daga nan haihuwa sai wani ikon Allah. Suka fito. A bakin ƙofa ta ja rigar mijinta.

"Malam, kada ka faɗa wa kowa abin da aka ba ni."

Nomau ya ce to. Da suka iso gindin marken da maza ke zama, aka yi masa ya mai jiki. Ya tsayar da keke, ya ce da sauƙi, an ba ta wani abu a baƙar leda, amma ba zai faɗa musu ko mene ne ba. Haka ya gaya wa masu ɗibar ruwa a rijiya, haka ya gaya wa mai injin niƙa, wanda ma bai tambaye shi ba. Tasalla a bayan keke ta ja mayafi ta rufe fuska, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Labari ya riga su isa gida, kuma kafin ya isa ya yi ƙiba: wai asibiti sun ba matar Nomau maganin hana haihuwa. Iya Gwamma ba ta tambayi kowa komai ba. Gaisuwar Tasalla ce kawai ta koma amsawa da hanci.

Wata rana, ganin kwanakinta sun matso, Tasalla ta tuna an ce a wanke sababbin kafin a fara sawa. Jiri bai sake ta ba, sai ta miƙa wa Nomau ledar ta ce ya jiƙa mata su a ruwa mai sanyi, ita za ta wanke anjima. Nomau ya bi ruwan gidan ɗaya bayan ɗaya yana tsoma yatsa. Na bokiti ya sha rana, na tulu da ɗumi. Wanda ya fi sanyi shi ne na randar Iya, wadda ke binne rabi a rairayi a kusurwar ɗakinta, wadda ko baƙo ba ya taɓawa sai da izini. Nan ya zuba su, ya mayar da faifai ya rufe. Da azahar Iya ta dawo daga gona maƙogwaro a bushe, ta zura moɗa, ta ɗago wani abu ruwan hoda mai maɓalli yana ɗiga. Salatin da ta saki sai da kaji suka watse. Ta ɗauka sammu aka binne mata a ruwan sha.

Dole Tasalla ta rarrafo ta durƙusa, ta yi bayanin abin da suruka ba ta yi wa uwar miji bayaninsa, kanta a ƙasa. Iya ta juya abin a hannu, ta ɓalle maɓallin ta mayar. Ranta ya ɗan yi sanyi da ta gane ba maganin hana haihuwa ba ne, amma da ta ji zancen shanya a rana sai fuskarta ta sake haɗewa.

"'Yar nan, sa abinki in kin ga dama. Amma a gidan nan ba a rataye sirrin mace a igiya. Inda uwata ta sa nata, inda na sa nawa, nan za ki sa naki."

Tasalla ta ce to, Iya. Me za ta ce? Ita kanta tsoron idon mutane bai bar ta ba. An dai zubar da ruwan randa, Nomau ya yi sawu ya cika ta, yana mamakin abin da ya ɓata wa Iya rai bayan ruwan nan shi ne mai sanyin.

Wata rana, tsakiyar damina, al'adar ta zo. Sabuwar audugar ta yi wa Tasalla daɗi, ba ta zamewa, ba ta ɓata zane, har ta iya zuwa rijiya ba tare da waiwayen bayanta ba. Amma ta fi tsumma kauri, ƙarƙashin gado kuwa a watan marka ko gishiri ka ajiye sai ya narke. Ta wanke ta cusa, gari ya waye suna nan sharkaf. Da Iya ta tafi barka maƙwabta, Tasalla ta ɗauko ɗaya ta ba Nomau, ta ce ya riƙe ta kusa da wutar murhu, kada ya motsa sai ta kira shi. Ta koma ta kishingiɗa, zazzaɓi ya danne ta, barci ya sace ta. Ƙaurin yadi ne ya tashe ta. Ta fito da gudu ta same shi tsugune, rabin audugar ya ƙone, wuta na lasar yatsunsa, hawaye na bin kuncinsa, bai motsa ba.

"Malam, sake ta mana!"

"Ai ba ki kira ni ba."

Ta shafa masa man kaɗanya a yatsun tana kuka, ta rasa kukan na tausayinsa ne ko na kanta. Saura uku, dukansu da danshi, kuma ba ta da zaɓi. Haka ta sa su.

Wata rana bayan wannan, Tasalla ta kasa tashi. Mararta kamar an ɗora dutsen niƙa, jikinta zafi rau, ko kunu ba ya zama. Keke ma ba za ta iya hawa ba. Iya ta tsorata, ta aiki Nomau asibiti ya karɓo magani. Malama Asabe ta ba shi ƙwayoyin, sannan ta tambaye shi inda ake shanya kayan. Wani mijin da ya yi kame-kame, Nomau kuwa bai san hanyar ƙarya ba, ya ce ƙarƙashin gado. Malama ta buga tebur. Ta ce magani ba zai yi komai ba in ana mayar da ciwon da hannu, kuma saura ƙiris abin da take gudu ya faru. Ta nuna shi da yatsa ta ce tunda matan gidan sun kasa, shi ta ɗora wa: rana ta ga kayan nan, tun daga hantsi har la'asar. Da ya dawo ya isar da saƙon yadda aka ba shi, har da bugun tebur. Iya ta miƙe tsaye ta ce kayan nan ba za su fita daga ɗakin nan ba in dai tana numfashi. Daga kan gado Tasalla ta ɗago kai da ƙyar ta roƙe shi don Allah kada idon kowa ya gan su. Nomau ya fita ya zauna a kan turmi da magana uku a kansa, yana lissafa su da ƙonannun yatsunsa. Abincin rana ma bai ci ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Wata rana, wato kashegarin wannan, Iya ta yi sammakon gona. Tasalla na cikin barcin zazzaɓi ta ji wani abu mai ɗumi a fuskarta. Ta buɗe ido ta ga sama. Ba mafarki ba ne: sama ce shuɗiya, da shirwa tana shawagi, a inda jiya jinka take. Nomau ya kwance ciyawar dami-dami, ya sauke tsaikon ya jingine a jikin rumbu. Ya ɗaura igiya a ciki daga bango zuwa bango, ya janye gado gefe, ya rataye audugar uku reras, ya saki asabari ya rufe ƙofa. Tasalla ta bi ɗakin da kallo. Abin da ya zo mata shi ne yau zamanta a gidan nan ya ƙare.

Kafin azahar rabin ƙauyen ya taru a ƙofar gida, ana dariya ana cewa haukan Nomau ya kai inda za a nemo mari a ɗaure shi. Suna ganin jinka a ƙasa, amma ba mai ganin abin da ke cikin ɗakin, don bangon ya fi kowa tsawo. Can gabas kuma hadari ya fara haɗowa, baƙi ƙirin. Iya ta iso da fartanya a hannu tana haki, ta tambayi ɗanta wane shaiɗan ne ya sa shi tsiraita ɗaki a tsakiyar damina da marar lafiya a ciki.

"Malama ta ce rana ta gan su. Ke kin ce kada su fita daga ɗaki. Ita ta ce kada ido ya gan su." Ya nuna yatsu uku. "Wanne na karya, Iya?"

Iya ta jefar da fartanyar. Ta ɗaga asabari ta shiga a fusace, da niyyar tsinke igiyar. Sai idonta ya sauka a inda gadon yake da. Rana ta haska wurin a karon farko tun da aka gina ɗakin. Ƙasar ta yi kore da hunhuna, ga tsofaffin tsummokaran Tasalla a dunƙule sun yi baƙi, ƙananan ƙwari na gudu daga cikinsu, wani wari na tashi da zafin rana. Iya ta san warin nan. Shekara talatin ta kwana a kansa, ta sha ƙaiƙayinsa da ciwon mararsa, tana cewa haka Allah ya yi mata. Bakwai ta so ta haifa, ɗaya ta samu. Ta miƙa hannu ta taɓa audugar da ke igiya. Ta bushe ƙayau, da ɗuminta, ba warin komai sai na sabulu. Ta daɗe a tsaye da ita a hannu, Tasalla na kallonta daga kan gado. Aradu ta yi ƙara a gabas.

Iya ta cire ukun ta naɗe, ta sa wa Tasalla a ƙarƙashin mayafi da hannunta. Sannan ta leƙa waje ta ce wa Nomau ya ɗauki matarsa da gadon ya kai ɗakinta kafin ruwa ya sauko, tsummokaran nan kuma a ƙone. Ya yi yadda aka ce. Da ya gama ya tsaya a gabanta, iska na kaɗa rigarsa.

"In mayar da jinkar?"

"Wa ya ce ka mayar?"

Ba a mayar ba. Tasalla ta shanye ƙwayoyinta a ɗakin Iya, zazzaɓin ya sauka. Wata ya zagayo, al'ada ta zo ta wuce ba ta bar komai a baya ba, na gaba ma haka. Da kaka ta yi Nomau ya gina sabon ɗaki, tsohon ya zauna da bakinsa buɗe. Matan da suka fi kowa dariya su suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan ƙunshi a cikin mayafi, wai sun zo gaida Iya, su rataye nasu a igiyar. Ita kuwa ta dasa kujerarta a ƙofar ɗakin, da sanda a gefe, ko zakara bai isa ya leƙa ba.

Bayan an kai amfanin gona gida, wata rana Nomau ya zo wurin Iya hankali a tashe. Ya ce akwai matsala: Tasalla ta daina wanki, kayan nan suna ninke a akwati wata biyu ke nan rana ba ta gan su ba, in Malama ta ji zai sha faɗa. Iya ta dubi Tasalla. Tasalla ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Tsohuwa ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa, ba a san dariya take ko kuka ba.

Ba wanda ya iya yi masa bayani ranar, kunya ta hana. Don haka kullum da hantsi Nomau yakan buɗe akwati ya ɗauko audugar uku, tsaf da su, ya kai ɗakin rana ya rataye, da la'asar ya kwaso. Yana nan yana yi har ranar suna, domin ba wanda ya ce masa ya daina.