Nomau da Haƙoran Inji

A ƙauyen Tudun Gwanki akwai wani mutum, Nomau, da matarsa Tabawa. Duk abin da aka faɗa masa, yadda ya shiga kunnensa haka yake aikata shi. Shi ke yanke ciyawar filin ƙwallon garin da wani inji mai tafiya da kansa, da wannan aikin suke ci.

Wata rana injin ya yi ta ruri amma ya ƙi motsawa, ga wasa saura kwana huɗu. Shugaban ƙungiyar ƙwallon ya ce in ba a yanke ciyawar ba, a bakin aikinsa. Nomau ya garzaya wurin Haladu makanike.

Haladu ya ce, "Giya ce matsalarsa."

"A'uzubillahi! A hannuna ya koyi sha?"

Nomau ya ɗaure injin a gindin bishiyar maina, ya wuni yana masa wa'azi. Tabawa ta kawo tuwo, ya ce ba ya ci sai mashayin nan ya tuba.

Washegari Haladu ya ganar da shi cewa giyar ƙarfe ake nufi, ya ce, "Ba shi mai ya sha." Nomau ya ɗauko man shanun Tabawa, kwalba guda, ya ɗura masa. Kafin azahar tururuwa ta rufe injin.

Tabawa ta ce, "Malam, miyar fa?"

"Haƙuri za ki yi, majinyaci ne."

Wata rana, ana gobe wasa, Haladu ya buɗe akwatin giyar, ya leƙa sama-sama. Ya ce, "Haƙoransa sun lalace. Sai an sayo sabuwa a birni." Ya kama gabansa.

Nomau ya ce, "Haƙora? Ai ba a taɓa wanke masa baki ba!"

Ya yanko aswaki, ya durƙusa, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya tun hantsi har la'asar. Aswaki shida ya cinye. Busasshen taɓo ya fita, ciyawa ta fita, can sai ga guntuwar waya da ta maƙale a tsakani. Ya rufe, ya ja igiyar tayar da injin. Injin ya fizge shi, Nomau na biye da gudu yana cewa, "Sannu, sannu, ka warke!" Kafin magariba fili ya zama kamar tabarma.

Washegari aka ga Haladu yana cusa aswaki cikin akwatin sifanoninsa, yana waige-waige.