Ranar da Sallau Kamasho Ya Kama Saja

Duk tasharmu babu wanda bai san bakin Sallau Kamasho ba. In ya gama lodin mota ya jingina da bencin mai shayi, to an buɗe kotu. Wai shekara bakwai ya yi yana riƙe wa wani babban lauya jaka, doka kuwa ya sha ta kamar koko. ’Yan sandan garin nan kuma, in ji shi, duk yaransa ne.

Wata Talata aka wayi gari an ɗauke batiran sola na ofishin ƙungiyar direbobi. Ciyaman Alhaji Bawale ya kai ƙara. Kafin azahar labari ya zagaye tasha cewa ’yan sanda na nan tafe. Ba wanda za a kama, zanen yatsu kawai za su ɗauka su gwada da wanda suka samu a ofis.

Sallau ya yi dariya har da dukan cinya. Ya ce ba a haifi ɗan sandan da zai taɓa masa yatsa ba tare da takardar alƙali ba, kuma in ya karanto musu sashe ɗaya, da gudu za su bar tashar.

A baki ke nan. Batir dai bai ɗauka ba. Amma wata uku ke nan, duk sanda Ciyaman ya fita salla, sai ya lallaɓa ofis ya ja durowa ya yagi kilishin da Alhaji ke ɓoyewa. Durowar nan ta san yatsunsa fiye da aljihunsa.

Da motar ’yan sanda ta shigo, sai ya zame ya sayi sufa gulu, gam ɗin nan mai kamawa nan take, har guda huɗu. Ya laɓe bayan wata bas ya matse su duka a tafin hannu, ya murza. A lissafinsa, in ya bushe zanen ya shafe, sai na’ura ta ga fili fetal.

Bai gama hurawa ba sai ga Saja Bitrus, wanda ya jagoranci ’yan sandan, ya zagayo yana neman inuwar da za a ajiye tebur. Bayansa direbobi ne wajen ashirin, sun biyo don su ga yadda lauyan tasha zai karanta sashe. Sallau ya yi wuf ya cusa hannun hagu a aljihu. Ya ga idanu sun yi masa caa. Girman kai ya motsa. Ya miƙa dama ya cafke hannun Saja, tafi da tafi, yana girgizawa.

“Mutumina! Ya iyali?”

Saja ya amsa da fara’a, ya ja hannunsa. Shiru. Ya sake ja, Sallau ya biyo shi taga-taga. Sallau ya nemi ya zaro na hagu ya taimaka, aljihu ya ce bai san zance ba, wando ya biyo hannu har ƙirji.

“Malam, wane ne kai?” in ji Saja. “Kuma me ka shafa mini?”

Tasha ta kwashe da dariya, har wani direba ya zauna a ƙasa. Haka suka ratsa tsakiyar tasha hannu cikin hannu kamar masu rakiyar juna, zuwa rumfar Talatu mai abinci, don ita ke da ruwan ɗumi. Fasinjoji na leƙowa ta taga suna tambayar wa ya kama wa.

Talatu ta tsoma hannayen a roba, tana zuba sabulu da gishiri tana murzawa. Saja kuwa kallon Sallau kawai yake. Kallon nan ne ya karya Sallau. Ba wanda ya tambaye shi, ya fara rantsuwa cewa shi ko wayar batir bai taɓa ba, kilishi ne kawai, shi ma gefe-gefe yake yaga.

Ciyaman, da ke tsaye a bayansa, ya ce a hankali, “Ashe kai ne ɓeran. Ni ina can ina sayen tarko.”

Sai da aka kusa awa guda hannu ya rabu, ɓas. Aljihu kuwa almakashi ne ya raba gardama. Saja ya goge hannunsa, ya zaro takarda ya bi ta da ido sama da ƙasa. Mutum huɗu ne a ciki, masu riƙe da makullin ofis. Babu Sallau.

Ya ninke takardar ya ce, “Ka ga, Malam, ko sunanka ba mu da shi. Amma tunda Hajiya ta wanke maka yatsun tas, zo mu fara da kai. Goman duka.”