Rasuwar Takalmin Hagu na Rozi Ali, Ɗan Dakon Hushe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta rasa inda za ta sa kanta, ni Rozi Ali ɗan Ghulam Nabi, ɗan dako na ƙauyen Hushe da ke gindin manyan duwatsu masu ƙanƙara, a madadin kaina da matata Nargis da ƙafata ta hagu, nake sanar da 'yan'uwana 'yan dako da duk abokan hawan dutse rasuwar takalmina na hagu, wanda aka fi sani da Hagu. Ya rasu ranar Laraba da hantsi a bakin murhun gidanmu, bayan doguwar jinya. Lambarsa arba'in da shida. Ba a san shekarunsa ba, domin da tsufansa ya zo hannuna.

Ana roƙon duk wanda wannan sanarwa ta iske, don girman Allah, ya bar ta a cikinsa. Kada ta kai kunnen Sardar Mehdi, shugaban 'yan dako, kafin ranar Litinin. Ranar ce zai jera mu a filin ƙwallo ya zaɓi waɗanda za su ɗauki kayan ayarin baƙi na ƙarshe a bana, masu tsallake mashigar Gondogoro da ke can saman duwatsu. Tun da sanyi ya cinye yatsun wani bawan Allah bara, Sardar ya daina duban fuska, ƙafa yake dubawa, kuma wanda ba shi da takalmin kirki gida zai koma. Ni kuwa na haura hamsin. Idan na koma gida ranar Litinin, samari na nan cike da fili suna jira, kuma wanda ya shiga gurbina ya shiga ke nan har abada. Daga wannan ayari sai hunturu, hanya ta toshe, kuma garin alkama da kananzir sai gidan wanda ya yi dako.

An haifi marigayi a can ƙasar Turai, a wani gari da harshena bai iya faɗin sunansa ba. Ya zo ƙasarmu a ƙafar wani dogon Bature ɗan Poland wanda na ɗaukar wa kaya. Kowa a kwarin nan ya san yadda Allah Ya yi ni. Ƙafa ce da ni wadda ba a taɓa ɗinka mata takalmi a ƙasar nan ba. Abokai ba su da abin cewa in na zauna sai, "Rozi, ara mana ƙafarka mu shanya 'ya'yan itacen culi, rufin ɗakinmu ya cika." Takalman roba da ake raba wa 'yan dako kuwa, sai na sa wuƙa na yanke bayansu sannan ƙafata ta shiga, diddigena a waje yana shan ƙanƙara. A haka na yi rabin rayuwata. Ranar da muka sauko da Baturen nan, ya zauna a bakin rafi ya ga diddigena ya tsattsage yana jini. Ya kawo ƙafarsa ya jera da tawa, ya kwashe da dariya, ya kwance takalmansa ya miƙo mini, ya shiga motar jif da safa kawai. Ranar na fara sanin cewa ashe yatsun mutum na iya miƙewa a cikin takalmi.

Marigayi mai haƙuri ne, mai riƙon amana. Bai taɓa barin ruwa ya shigar mini ba, ko a rafin da ke sauka daga bakin ƙanƙara, wanda sanyinsa ke sa ƙato kiran sunan uwarsa. Bai taɓa zamewa da ni a kan dutse ba, kuma ya sha ganin inda wasu suka zame. Idan aka zo wurin da sai an ɗaura ƙarfe mai haƙora a ƙarƙashin ƙafa, yakan karɓi ƙarfen ba gardama, alhali takalman wasu sai an haɗa da igiya da addu'a. A masauki, inda baƙi ke shiga tantinsu mu kuma mu cusu a bayan jeren duwatsu ƙarƙashin tamfol ɗaya, shi ne matashin kaina. Ina sa shi ƙarƙashin kai don kada ya daskare, shi kuma yana tare mini dutse.

Muryarsa ba za ta fita daga kunnena ba. A kan tsakuwa cewa yake ƙwaras, ƙwaras. A kan dusar ƙanƙara da sassafe sai ya sassauta ya koma ƙiiƙ, ƙiiƙ, kamar ƙofar da ke son mai. Nargis takan gane shi tun daga lungun masallaci, kafin in kai ƙofa ta riga ta ɗora shayin gishiri ta jefa man shanu.

Ba za mu yi masa ƙarya don ya mutu ba: yana da wari. Wari mai tsanani. Nargis ba ta taɓa bari ya kwana a ɗaki ba, kuma akwai akuyarmu ɗaya da ta sansana shi ta daina cin abinci wuni guda. Mun yafe masa duniya da lahira.

Ciwon ajali ya fara ne da bazarar bana, lokacin da marigayi ya soma buɗe baki ta wajen babban yatsa. Da farko ɗan murmushi ne, na ce ba komai. Sai muryarsa ta canza, ƙwaras ta tafi, ya koma faɗab, faɗab, har mutane suna waiwaye. Na kai shi garin Khaplu wurin Apo Shukur, tsohon shumekan da ke zaune a gindin babbar bishiyar bakin tasha. Ya sa gam, ya riƙe. Ya sake buɗewa, aka yi ɗinki. Ɗinki ya tsinke, aka yanko tsohuwar taya aka liƙa. Babu irin maganin da ba a gwada ba, kuma Allah Ya sani ban yi ƙyashin komai a kansa ba. A zuwanmu na ƙarshe Apo Shukur ya tura babban yatsansa tsakanin fata da tafin takalmin, ya zaro shi da wani baƙin gari, ya nuna mini.

"Rozi, ɗana, me zan ɗinka? Cikinsa ya zama gari. Ka taɓa ganin an ɗinka gari?"

Na ce, "Baba, ko zuwa ƙarshen wata ne, a taimaka."

Ya busa garin daga yatsansa ya ce, "Kai shi gida ka kyautata masa."

Na kai shi gida na kyautata masa. Ranar Laraba na shiga magudanar gona gyaran ruwa, ya jiƙe, na tuɓe shi a ƙofa na shiga canza wando. Surukata Api Sukaina, baiwar Allah mai tausayin komai har kaza, ta gan shi a jiƙe ta ɗauke shi ta jingina da murhu. Ina daga ɗaki na ji faɗ. Sau ɗaya, a hankali. Na fito na tarar tafinsa a ƙasa, jikinsa a tsaye, sun rabu. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Na ce bari ya ɗan ji ɗumi ne, ɗan nan." Ba mu zargin kowa. Na dai zagaya bayan gida na daɗe a tsaye ina kallon dutse, don in na buɗe baki a lokacin, aurena ma sai an yi masa tasa sanarwar.

Marigayi ya rasu ya bar ɗan'uwansa tagwai, Dama, wanda ke nan da ransa da lafiyarsa garau, ba abin da ke damunsa sai rashin amfani. Ya bar igiya ɗaya ja wadda ba tasa ta asali ba, da safar ulu mai faci, da yatsu biyar marayu waɗanda ba su da kowa yanzu sai Allah.

Kada wani ya ce iyalan mamaci sun zauna sun naɗe hannu. Washegari na bi jif ɗin farko zuwa birnin Skardu, na shiga kasuwar gwanjo inda ake sayar da abin da masu hawan dutse suka bari. Na bi shago shago har na kai wurin Haji Nisar, wanda aka ce in babu a wurinsa to babu. Ya fara kawo mini sabbin nan masu araha, masu sheƙi, an rubuta arba'in da shida ɓaro-ɓaro a ƙasansu. Wallahi wanda ya rubuta lambar nan bai taɓa ganin ƙafa ba. Na tura, na danna, yatsuna suka naɗe a ciki, diddige ya ƙi shiga. Na kama tafin na lanƙwasa, ya ninku biyu kamar gurasa. Haji ya ce, "Ai laushinsa ke nan, ɗan'uwa, shi ake yayi." Na ce a ina ake yayinsa, a kan ƙanƙara ko a gidan biki? Sai ya nuna mini na kirkin, can sama a rataye kusa da rufi inda hannun talaka ba ya kaiwa. Ya faɗi kuɗinsu, na sake tambaya, don na zaci shagon duka yake sayar mini.

Da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin benci, buhun takalman da suka rasa 'yan'uwansu. Na durƙusa a tsakiyar shago, ni da furfurata, na zazzage shi ƙasa ina tonawa. Sai ga shi. Arba'in da shida, fata mai kauri, tafi kamar dutse, ko'ina lafiya. Jama'a, zuciyata har ta fara kabbara. Na juya shi. Na dama ne. Na sake tona buhun har ƙasa na sami wani babban, shi ma na dama. Wai duk Turawan duniya takalmin hagu suke kashewa, ko kuwa ni kaɗai aka tsana? Don kada in bar wata ƙofa ban ƙwanƙwasa ba, na sa na daman a ƙafar hagu, na ɗaure, na taka zuwa bakin shago na dawo ina cije leɓe. Haji ya ce, "Malam, in ka tafi a haka zagaye za ka yi ta yi, ba za ka taɓa isa Hushe ba." 'Yan shago suka yi dariya. Ni ma na yi, don ba kuka zan yi a gaban mutane ba.

Masu zuwa da shawara, Allah Ya saka, amma don Allah ku huta haka nan. Mai cewa in naɗe ƙafar da buhu da leda, mai cewa in sayi mai arahar in yanke bayansa kamar dā, mai cewa in ari na wane. Na wa zan ara? Ku nuna mini mutum ɗaya daga nan har Khaplu da ƙafarsa ta kai tawa, in je in kwana a ƙofarsa. Mai araha kuwa ya isa yawon gefen rafi da dawowa cin abincin rana. Mu kwana muke yi a sama, inda ruwan gora ke zama dutse, kuma a can takalmin da ya ci amanarka ba shi ake yankewa ba.

Nargis ce kaɗai ta faɗi abin da ya taɓa ni. Da na dawo hannu biyu ta ce, "Baban yara, ka zauna bana. Mu ci abin da ke akwai." Na ce to, me ke akwai? Ta juya ta dubi akwatin gari, ta daɗe tana dubansa. Daga nan ta tashi ta ɗauko ulu ta fara saƙa safa, ta ƙafa ɗaya, ninki biyu. 

Ga tsarin jana'iza, kuma a saurara da kyau domin ya ɗan saɓa wa yadda aka saba.

Za a yi wa marigayi wanka ranar Asabar. Apo Shukur, bayan roƙo mai yawa, ya yarda zai haɗa shi da tafinsa da siririyar waya, ya bi ta ciki yadda ido ba zai gani ba, ya cike bakin da gam, ya shafe shi da baƙin man takalmi. Ya ce in shaida wa jama'a cewa wannan shirya gawa ne, ba magani ba, kuma kada a ambaci sunansa in an kama ni. To, ga shi na ambata, Baba ka yi haƙuri.

Ba za a binne shi ranar ba. Ranar Litinin da safe marigayi zai halarci filin ƙwallo da kansa, a tsaye, a cikin sahu. Ana roƙon aminaina Sakhawat da Fida su tsaya a haguna su matso sosai, Sakhawat ya ajiye jakarsa a ƙasa dab da ƙafata. Idan Sardar ya iso ya ce a ɗaga ƙafa, Dama ne zai ɗaga, ya yi wa ɗan'uwansa wannan hidima ta ƙarshe. Idan aka ga Sardar zai sunkuya, wani ya tambaye shi lafiyar gwiwarsa, yana son wannan hirar. Ba a yarda da kuka ba, ba a yarda da dariya ba, kuma duk wanda ya ce mini "ya haƙuri" a filin nan ban yafe ba.

Idan Allah Ya sa aka ɗauke ni, za a tafi da gawar a ƙafa, a bi da ita ta hanyar da ta saba bi, ƙarƙashin kayan baƙi. Wurin binnewa shi ne duk inda wayar ta tsinke. Muna roƙon Allah Ya sa bayan mashigar ne, a gangara, inda akwai ciyawa. Wanda ke kusa ya ɗora dutse ɗaya a wurin ya wuce, kada a tsayar da ayari.

Zaman makoki a gida ne, wurin Nargis, akwai shayi. Idan jif ta dawo da 'yan dako aka ga na sauko da ƙafafuna, a zo a taya mu murna. Idan kuwa ta dawo babu ni, kada a wahalar da kowa da rubuta wata sanarwar. A ɗauki wannan a canza suna.