Rotifana Masu Fukafukai

Shekarar da hanyar gonarmu ta Kuyello ta ƙi biyuwa, na yanke shawarar komawa ƙyanƙyasar tarwaɗa a gida. A waya na koyi cewa jariran kifi suna fara rayuwa ne da cin wasu halittun ruwa da ake kira rotifa, waɗanda da kyar ido yake ganinsu. Na ɗebo ruwan kududdufi na cika robobi a bayan ɗaki, na zuba kashin kaji da yis, na bar su a buɗe su sha iska.

Ba a jima ba sai ga nawa sun fito ɓaro-ɓaro, suna ta wutsil-wutsil. Na tsaya a kansu ina tunanin yadda Allah yake sa albarka a hannun wasu bayinsa. Har maƙwabcina Malam Audu na kira.

"Na Turawa sai da madubin likita ake gani," na ce masa. "Nawa kuwa ga su nan."

Ya duƙa, ya daɗe yana kallo. "To, Allah ya raya," ya ce.

Allah kuwa ya raya. Suka yi fukafukai, suka tashi, suka bi unguwa gida-gida. Kifayena suka mutu da yunwa don abincin ya fi ƙarfin bakinsu, Malam Audu ya kwanta zazzaɓi, ni na kai shi kemis.

Har yau in sauro ya sauka a hannun wani a majalisa, sai ya juyo gare ni cikin ladabi: "Malam, naka ne, ko in buge?"