Lallen Nasara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kwance hannun amarya a gidanmu, tsakar gida cike da mata, ni kuma ina duban ƙasa ko za ta tsage in shige.

Zamanin Nasara ne, ina da ƙuruciyata, ko baƙi ɗaya ban sani ba (sai da na yi jikoki na shiga makarantar manya, shi ya sa yau nake rubuta abin kunyata da hannuna, ban roƙi kowa ba). Ina kai man gyaɗa kasuwar Maraɗi daga Madarunfa, hanyata kuma ta bayan gidan wani Bature take. A nan na gan ta. Wata shuka ce ta haye katanga ta zubo waje, jawur, kamar an shanya zannuwan biki, a tsakiyar rani, lokacin da ko ciyawa ta ƙone. Na tsaya da kaya a kai har wuyana ya ƙage.

Mai kula da lambun wani dattijo ne mutumin Ɗan Issa. Na ce, "Baba, wagga mi sunanta?" Ya faɗi wani suna da ya fi ƙarfin harshena (yanzu na iya, buganbil).

"Ana miya da ita?"

"A'a."

"Magani ce?"

"Ko kusa."

"To mi take yi?"

Ya yi dariya ya ce, "Kyau take yi, ɗiyata."

Ya yanko mini rassa uku, kowanne kamar kamu ɗaya, ya ce in soka su a karkace cikin yashi da tsohon taki, in ba su inuwa, in ba su ruwa amma kada in nutsar da su. Biyu suka mutu. Ɗaya ta yi toho. Na kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ina ɗebo mata ruwa daga tabki kamar mai jego. Shekara ta zagayo ta hau danga ta yi fure, kuma duk garin ba mai irinta. Wannan har gobe ina faɗa da babbar murya.

Sai dai akwai Inna, uwar mijina. A gidan Inna, ko kaza sai ta faɗi aikinta. Zogale na kwaɗo ne, yakuwa ta miya, lalle na hannu. Wata safiya ta tsaya gaban shukata da fartanya ta ce, "Ke, wagga mai shanye ruwa, mi amfaninta? In ba ta da aiki a cire, in sa zogale."

Da na yi shiru irin na surukan kirki, da an wuce wurin, an kuma cire shukar. Amma ni ba a haife ni da shiru ba. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Lalle ne, Inna. Lallen Nasara. Ba ki ga furen ba? Haka hannu yake komawa."

Inna ta dube ni, ta dubi shukar, ta ce, "To. Allah ya raya." Ta aje fartanya.

Ƙarya kuwa ta fi buganbil saurin yaɗo. A bakin rijiya aka tambaye ni, na ƙara mata taki: na ce wata uku yake yi bai goge ba. Aka ce to in ɗan shafa a gani, na ce bai nuna ba tukuna, sai ya ƙara shekara biyu. (Na ɗauka shekara biyu ba za ta zo ba. Ta zo da gudu.)

Bayan kaka aka sa bikin Tsahara, ƙanwar mijina, abokiyar wasana, da wani saurayinta mutumin garin Gabi. Ranar sa lalle dangin ango suka cika gida. Sai kawai Inna ta ɗaga murya ta ce, "Bana ɗiyata ba za ta sa lallen kowa da kowa ba. Na Nasara za a sa mata. Mai shi, tashi ki tsinko."

Guɗa ta tashi. Tsahara ta leƙo daga cikin mayafi ta ce, "Matar Yaya, yau dai kin yi rana!"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Ban faɗa ba. Na tsinko ganye, ƙayar shukar tana yakushina kamar tana jan kunnena, na daka, na kwaɓa da ruwan lemun tsami ina addu'a a zuci. Arwanka, tsohuwar da ke hidimar amarya, ta sansana ta ce, "Wanga lalle ba ya ƙamshi?" Na ce, "Nasara ba su son ƙamshi." Aka shafa, aka zura hannu cikin zunguru, aka naɗe ƙafafu da tsumma. Tun hantsi yarinyar nan take zaune kamar an ɗaure tunkiya, ana ba ta fura a baki. Can ta ce, "Matar Yaya, ƙaiƙayi yake." Na ce, "Kamawa ce yake yi."

Da la'asar aka taru. Arwanka ta zare zunguru, ta wanke hannu. Hannun Tsahara ya fito yadda uwarta ta haife ta, sai ɗan kore-kore da yamutsewa kamar na mai wanki. Aka kwance ƙafa. Haka. Wata gwaggon ango ta matso ta duƙa ta ce, "Ko sai Nasara ne ke ganinshi?"

Ba zan iya kwatanta dariyar ba. Har wata ta ƙware da goro. Amarya kuwa ta fashe da kukan gaske, ba na al'ada ba, kuma wannan kukan ya fi dariyar yi mini ciwo.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da lallen gaske, kwaɓaɓɓe tun safe, har ya tsumu. Ashe tsohuwar nan tun ranar fartanya ta san komai, shekara biyu tana jira na. Ta miƙa wa arwanka, sannan ta juyo.

"Yanzu faɗa mini gaban mutane. Mi amfaninta?"

A zuci na hango shukata a kwance, na ga zogale a gurbinta. Na ce tunda an riga an mutu, a mutu a tsaye.

"Ba ta da amfani, Inna. Ba a ci, ba a sha, ba ta kama hannu. Kyau take yi, ni kuma ina so. Na yi ƙarya, Tsahara ki yafe mini. Amma mai cire ta sai ya fara cire ni."

Suruka ba ta yi wa uwar miji irin wannan magana, balle gaban baƙi. Sai gwaggon nan ta ango ta gyara murya ta ce, "Ni dai tun shigowata idona na kanta. In ana ba da iri, a yanko mini."

Inna ta ce, "Ku tambayi mai ita." Ta ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, "Da tun farko haka kika ce, da yarinya ba ta wuni cikin zunguru a banza ba."

Tsahara ta tafi ɗakinta da hannu jawur, na lallen Inna, da rassa uku cikin jiƙaƙƙen tsumma. Har ta tsufa, in ta gan ni sai ta ɗaga tafin hannu ta ce, "Ya kama?" Yau in ka ga buganbil a kan wata danga tsakanin nan da Gabi, ka tambaya, jikar tawa ce. Inna kanta a ƙarƙashinta ta koma yin kaɗi, wai don inuwa. (Inuwar ba ta kai faifai ba.)

Abin da na koya: in kana son abu, ka ce kana so, kada ka nema masa aikin da bai iya ba. In kuma ƙaryar ta zama dole, to kada ka yi wadda za a gwada a hannun amarya.