Yadda Ake Haɗa Fim ɗin Faɗa da Jarumin da Bai Iya Faɗa Ba

Kai darakta, an ba ka gem ɗin kungfu, wasan nan na kwamfuta, ka mayar da shi fim a nan Hong Kong? Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko mahaifiyarka ba za ta iya kallonsa har ƙarshe ba.

1. Zaɓi kyakkyawa
Ɗauko mawaƙi irin Desmond Lau, wanda in ya kai shuri ƙafarsa ba ta wuce gwiwa. Ko an kashe ubansa ko an miƙo masa shayi, fuskar ɗaya ce. Kar ka gyara masa, ka ce zurfin tunani ne.

2. Nemo mai shan wuya
Ga Sifu Kwok, malamin kungfu, wanda ya tsufa yana faɗowa daga bene a madadin jarumai, kullum fuska a ɓoye. Likita ya ce gwiwarsa ta gama aiki. Zai yarda ya yi dirowar ƙarshe ne kawai in ka ce wannan karon za a nuna fuskarsa, 'yarsa Wing-sze ta gani. Faɗa masa haka, ai baki ne.

3. Riƙe al'ada
Ranar farawa a yanka gasasshen alade, a kunna turaren tsinke, kowa ya rusuna neman tsari. Shi ke nan ka huta da sayen katifa mai kauri da zai diro a kanta. In Kwok ya latsa ta ya ce, "Darakta, wannan ai tabarma ce," tuna masa an riga an roƙi alloli.

4. Girgiza kyamara
Duk naushin da Desmond ya kai wa iska, a jijjiga hoton har mai kallo ya ji jiri.

5. Zuba wuta
Kwok ya diro, kowa ya ji ƙarar gwiwar. Bai ko yi nishi ba sai da ka ce a tsaya, don a sana'arsu ɓata ɗaukar hoto abin kunya ne. Amma a gem ɗin shuɗiyar wuta ce ke jefo mugun da Kwok ya fito a matsayinsa ƙasa. Sa 'yan kwamfuta su malala ta har ta cika allo.

6. Gayyace shi silima
Zai zo yana dogara sanda, cikin sabuwar kwat, cike da murna. Wurin dirowarsa zai zo ya wuce. Wing-sze za ta raɗa masa, "Baba, ina kake?"

"Kin ga wutar nan? Ina bayanta."

Gargaɗi: ban san ka ba, ba ka san ni ba. In yarinyar ta tare ka a ƙofar fita, kai kaɗai za ka kalli idonta.